Yadda na gyara kwamfutar wasa da ke ɗaukar zafi

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce irin ta wasa, mai tsadar gaske, amma hunturu na wucewa ta fara yi min tsiya. Da wasa ya yi nisa sai hoto ya riƙa sarƙewa, fanka na ta ihu, madannai sun yi zafi yatsa ba ya jurewa. Na ɗora manhajar HWiNFO mai nuna zafin kayan cikin kwamfuta na duba: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na haura digiri 95 a ma'aunin Salshiyos, a nan kuwa take rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Na cire caja, na kwance murfin ƙasa, na fara zare wayar batir tukuna. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita, ƙura ta dunƙule kamar auduga, ta toshe hanya ruf. Na danne fankar da yatsa kada ta juya, na share da burushi mai laushi. Da na kwance bututun tagulla mai janye zafi, sai na ga man da ke tsakaninsa da furosesa ma ya bushe ya tsattsage. Na goge shi da sifirit, na ɗiga sabo, na ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan bisa lambobin da ke jikinsu. A kula, wasu injinan ƙarfe mai ruwa ake shafa musu a maimakon man, wannan kam sai mai gyara, don idan ya zuba kan allon lantarkin da ke cikin injin an yi asara.

Zafin ya sauka, sarƙewar ta tafi. Kuɗinta bai tafi a banza ba, sai dai tsada ba ta hana ƙura shiga. Yanzu na ɗaga bayanta a kan tebur, na daina ɗora ta kan katifa.