Yadda ake haɗa pesto na ganyen kel da gyaɗa ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Pesto haɗi ne na ganye da tafarnuwa da 'ya'yan itace masu maiƙo da cuku da mai, waɗanda ake dakawa wuri guda har su zama kamar ƙullu mai kauri, sannan a cakuɗa da taliya ba tare da an ɗora shi a wuta ba. Asalinsa birnin Jenowa ne da ke yankin Liguriya a arewa maso yammacin Italiya, sunan kuwa ya samo asali ne daga kalmarsu ta pestare, wadda ke nufin daka, domin a turmin dutsen marmara da taɓaryar itace suke yin sa. Tun a 1863 aka rubuta yadda ake haɗa shi a wani littafin girkin Jenowa, kuma daga 2007 zuwa yau birnin yana shirya gasar duniya ta dakan pesto a turmi.

Ranar da na fara yin sa a gida na kai wa goggona ɗanɗano a ɗan ƙaramin kwano. Ta lakata da yatsa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: "'Yar nan, ai wannan kwaɗo ne aka kirɓa shi ya yi laushi." Na yi dariya a lokacin, amma da na zauna na duba sai na ga maganarta tana kan hanya. Kwaɗon zogale da muka taso muna ci ya ƙunshi ganye da garin ƙuli-ƙuli da mai da gishiri, pesto ma abin da ya ƙunsa ke nan: ganye, da abu mai maiƙo da zai riƙe haɗin, da mai, da abin da zai ba shi gishiri da armashi. Duk wadda ta gane haka ta huta da neman kayan ƙasar waje, domin abin da ke sa kwalbar pesto tsada a manyan kantuna abubuwa uku ne da ake shigowa da su, wato 'ya'yan itacen fayin (wasu ƙananan ƙwayoyi masu maiƙo), da cukun Parmigiano Reggiano, da man zaitun, kuma dukkansu farashinsu da dala yake tafiya. Biyu daga ciki muna da madadinsu a kowace kasuwa ta Kaduna, cukun kuma ana iya yi ba shi.

Mutanen Jenowa da ganyen basil suke yin nasu, wanda ɗan uwan ɗaɗɗoyarmu ne. Ganyen kel, wanda ake rubuta sunansa kale a jikin leda, ya shigo cikin lamarin ne daga baya saboda ya fi auki, ya fi jure ajiya, kuma ba ya saurin yin baƙi. Shi da kabeji jinsi ɗaya ne, sai dai shi ba ya dunƙulewa, ganyensa a buɗe yake fita daga jikin kara. Akwai mai nannaɗaɗɗen baki, akwai kuma dogo mai duhun kore wanda Italiyawa ke kira cavolo nero, wato baƙin kabeji, kuma kowannensu ya yi. Shuka ce mai son sanyi, shi ya sa ta fi karɓar ƙasar Jos, kuma shi ya sa ganyen hunturu ya fi na bazara daɗi da ƙarancin ɗaci. Abin mamaki shi ne a Kenya irin wannan ganye abincin talaka ne, har suna kiransa sukuma wiki, ma'ana abin da zai tura mutum ya kai ƙarshen mako, mu kuwa a nan sai a ga an ƙulle shi a leda kamar kayan masu hali. Ba kowane mai tebur ke ajiye shi ba, saboda haka a tambayi masu sayar da latas da koren wake da sauran kayan Jos a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko kasuwar tashar jirgin ƙasa, a kuma je da safe kafin rana ta taɓa shi. A zaɓi wanda ganyensa ke tsaye, ba ruwan ɗorawa a gefe, ba hujin tsutsa da yawa. Ƙananan ganye sun fi manya taushi.

In ba a samu kel ba, ko kuɗinsa ya yi yawa, alayyahu yana yi, sai dai a matse shi sosai don ruwa gare shi. Zogale ma yana shiga, amma a ganina kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ganyen, kuma a dafa shi fiye da kel, domin ɗacinsa yana danne komai.

Ga awon da zai ishi ledar taliya ɗaya mai giram 500, wadda za ta ci mutum huɗu zuwa biyar. Ana buƙatar ganyen kel kimanin giram 200 bayan an cire kara, wato abin da zai cika madaidaicin kwano ba tare da an danna ba, da gyaɗa rabin gwangwanin madara, da tafarnuwa ƙwaya biyu ko uku, da man ƙuli babban cokali 8, da rabin lemon tsami, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan akwai ɗaɗɗoya a sami ganye goma zuwa goma sha biyar, kada a wuce haka, saboda ƙamshinta ya fi na basil ƙarfi nesa ba kusa ba.

A fara da man, tun da shi ne ke buƙatar lokacin hucewa. Man ƙuli ɗanye yana da gafi, don haka a zuba shi a kasko da ɗan yankan albasa a soya sama-sama, kamar yadda ake yi wa man ɗanwake, a tsame albasar, a ajiye shi ya huce sarai. Wadda ke da man zaitun a gida tana iya zuba cokali biyu daga ciki a ƙarshe don ƙamshi, ragowar shidan kuma su zama man ƙuli.

Gyaɗa kuwa sai an zauna an tsince ta. Duk wadda ta yamushe, ko ta canza launi, ko take da alamar fumfuna, a jefar da ita, domin irin wannan fumfunar tana haifar da gubar afilatoksin mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. A soya gyaɗar a busasshen kasko da wuta kaɗan ana juyawa, har ɓawon ya fara tsagewa kuma cikinta ya yi ruwan zuma mai haske. Kada a bari ta yi ja sosai, don ƙonanniyar gyaɗa ɗaya tak tana ɓata kwano guda. Idan ta huce a murje ta a faifai a bakace. Riɗi ma yana maye gurbinta, ko a raba rabi da rabi, kuma shi da zarar ya fara tsalle a kasko an gama. Na gwada da garin ƙuli-ƙuli kai tsaye, ya yi daɗi, sai dai yana shan mai ƙwarai tun da an riga an matse nasa, kuma ya kamata a tabbatar ba mai yaji ko sukari ba ne.

Gyaran ganyen shi ne inda aikin yake. A riƙe karan da hannu ɗaya, a zage ganyen da ɗaya hannun daga ƙasa zuwa sama, jijiyar tsakiya za ta rage a hannu. Ba ta dakuwa, amma ana iya yanka ta ƙanana a zuba a miya ko faten doya. A wanke ganyen cikin ruwa mai yawa sau biyu ko uku, ana tsamo shi daga sama domin ƙasa ta kwanta a gindin roba, a duba bayan kowane ganye saboda ƙananan ƙwari suna maƙalewa a cikin nannaɗin. Daga nan a tafasa ruwa a babbar tukunya da gishiri, a tanadi wata roba ta ruwan sanyi a kusa, da ƙanƙara in akwai, in babu ruwan randa ya wadatar. A zuba ganyen cikin ruwan yana tsakiyar tafasa, a ƙirga daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya, a tsame shi nan take a jefa cikin ruwan sanyin. Za a ga koren ya ƙara fitowa shar. Wannan ɗan zafin yana karya taurin ganyen, yana rage ɗacinsa, yana kuma kashe sinadarin da ke sa dakakken ganye ya yi duhu idan iska ta taɓa shi, ruwan sanyin kuwa yana tsayar da dahuwar kafin launin ya dushe.

A nan sai na ja kunnen uwargida game da kanwa. Mun saba jefa 'yar kanwa a ganye don ya yi kore ya yi laushi, to a wannan haɗi ba ta da wuri, domin tana sa ganyen ya saki ya yi santsi, tana barin ɗanɗanonta a baki, tana kuma lalata bitamin C da ke cikinsa. Bayan ya huce a dunƙule shi a tafin hannu a matse iya ƙarfi, har cikin kwano guda ya koma dunƙule kamar lemon zaƙi, sannan a yanka shi ƙanana da wuƙa.

Turmin da za a yi amfani da shi ya zama ƙarami, kuma a wanke shi ya bushe, don turmin da aka jajjaga tarugu a ciki jiya zai mayar da pesto yaji. Ana fara daka tafarnuwa da gishiri har su narke, gishirin ne ke taimaka wa taɓarya ta kama ta. Sai a zuba gyaɗa a daka har ta fara damƙewa, amma a tsaya kafin ta fara fitar da mai ta zama tunkuza. Sannan a riƙa zuba ganyen kaɗan-kaɗan tare da ɗanyar ɗaɗɗoyar, ana kirɓawa ana murza taɓaryar a jikin turmin, ana kankaro na gefe da cokali. Jajjage bai isa ba, so ake ya yi laushi har a kasa rarrabe ganye da gyaɗa, ko da yake ɗan ɓarzo-ɓarzon da ya rage yana ƙara masa daɗin tauna. A kwashe a kwano, a riƙa tsiyaya man cokali-cokali ana juyawa har ya shige ciki, haɗin ya yi sheƙi, ya riƙa zamewa daga cokali a hankali.

Idan da wuta kuma ana son a yi da bilenda, a zuba komai tare da rabin man, a riƙa kunnawa ana kashewa a gajerun lokuta, domin injin yana ɗumama haɗin idan ya daɗe yana juyawa, zafi kuma yana dusashe koren. Sauran man da cokali za a juya shi. Man zaitun musamman kada a markaɗa shi da ƙarfi, yana yin ɗaci.

Saura batun cuku. Aikinsa a pesto shi ne ya kawo gishiri da wannan armashin da ke sa a ƙara loma. Wadda ta samu busasshen cuku mai tauri ta goga babban cokali uku ta zuba a ƙarshe, ta rage gishirin farko. Ni dai na fi yin sa da daddawa: ɗan gutsure kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, a gasa shi a kasko har warin ya kwanta, a daka tare da tafarnuwa. Ba za a ji daddawa a baki ba, sai dai a ji haɗin ya cika. Idan ta wuce haka to an koma miyar kuka. Lemon tsami a matsa shi dab da ci, saboda tsami yana mayar da koren ganye ruwan ƙasa idan suka daɗe tare.

Kuskuren da na yi a karo na biyu shi ne na ɗauke shi kamar miya, na juye shi a tukunya na soya. Cikin minti biyu man ya rabu ya taso sama, ganyen ya yi baƙi ya kama gindin tukunya, tafarnuwar ta ƙone, yara suka ɗanɗana suka ture kwano. Pesto zafin abinci kaɗai yake so. A dafa taliya, kafin a tace a ɗebi rabin kofi na ruwan dahuwarta, a zuba pesto a babban kwano a sassauta shi da cokali uku ko huɗu na ruwan, sannan a juye taliyar da zafinta a cakuɗa. Sitacin da ke cikin ruwan ne ke haɗa mai da ganye su manne a jikin taliya. A Jenowa sukan dafa yankakken dankalin turawa da koren wake a tukunya ɗaya da taliyar su cakuɗa duka, dabarar da ke ƙara auki ba tare da ƙarin pesto ba. A gidanmu ya fi ƙarewa a kan ɗanwake a madadin mai da yaji, da kan dafaffiyar doya, da cikin gurasa ko burodi da dafaffen ƙwai, mai son yaji kuma ya barbaɗa nasa a kwanonsa.

Abin da ya rage a zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfi, a danna da bayan cokali don iska ta fita, a malala ɗan mai a sama ya rufe shi, a sa a firji a cinye cikin kwana huɗu. A firiza yana kai wata uku, musamman idan an raba shi a ƙananan robobi yadda za a riƙa ɗaukar na ci ɗaya. Amma wannan lissafin na gidan da wuta ke tsayawa ne. Tafarnuwa da ganye a cikin mai, a wuri mai ɗumi inda iska ba ta shiga, nan ne ƙwayar cutar da ke kawo gubar botulizim ke samun wurin hayayyafa, kuma sau da yawa ba a gane ta da wari ko ɗanɗano. Saboda haka kada a bar kwalbar a waje ba cikin firji ba, kuma idan an kwana babu wuta firjin ya huce, a zubar. A unguwar da wuta ba ta da tabbas gara a yi rabin awon a cinye a ranar. Wanda gyaɗa ke tayar masa da borin jini a yi masa da riɗi in yana karɓarsa, mai shan maganin tsinka jini na warfarin kuma ya shawarci likitansa kafin ya mayar da kel abincin yau da kullum, domin bitamin K da ke cikinsa da yawa yana rage ƙarfin maganin.