Kurakuran da Masu Zama a Jirgin Ruwa Suka Fi Yi a Gaɓar Tekun Arewa Mai Yawan Ruwan Sama

Duk wanda ya ɗauri aniyar mayar da ƙaramin jirgin ruwa gidansa, yana bin gaɓar teku irin ta yammacin Norway ko mashigar da ta tashi daga Kanada zuwa Alaska, ya san zai sha ruwan sama, domin birnin Bergen na Norway yana samun sama da milimita 2,000 a shekara, Ketchikan na Alaska kuwa ya haura 3,500. Sai dai abin da ya fi wahalar da mutane shi ne danshin da suke haddasawa da kansu a cikin jirgin.

Kuskuren farko shi ne toshe kowace kafa saboda gudun sanyi. Numfashin masu barci, da tururin girki, da jiƙaƙƙun tufafi duk suna cika ɗakin da laima, idan kuma wannan iska ta taɓa bangon jirgi mai sanyi sai ta koma raɓa. Da asuba za ka tarar ruwa na ɗiga daga gefen taga, in ka ɗaga katifa ka ga ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf, bayan 'yan makonni kuma funfuna ta yi baƙi a lungun akwatin tufafi. Maganinsa shi ne a bar kafa biyu a buɗe dare da rana, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a yi musu rumfa don kada ruwa ya shigo, sannan a shimfiɗa raga ko tsinkayen katako a ƙarƙashin katifa domin iska ta ratsa.

Mafi muni daga wannan shi ne ɗumama ɗaki da murhun gas. Kowane kilo ɗaya na gas da aka ƙona yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska, wato mutum yana jiƙa ɗakinsa alhali yana zaton busar da shi yake yi. Ga kuma iskar nan mai guba da ba ta da wari ko launi, wadda ke kashe mutum yana barci. A ganina, wannan ba wurin tsimin kuɗi ba ne: a sa na'urar ɗumama mai aiki da dizal wadda hayaƙinta ke fita waje ta bututu, a kuma maƙala na'urar da ke gargaɗi kan wannan iska mai guba kusa da wurin kwana.

Tufafin auduga ma ba su dace ba, don suna shan ruwa su ƙi bushewa. Na ulu sun fi riƙe ɗumi ko da sun yi laima. A ware wuri ɗaya a bakin ƙofa na rataye rigunan ruwa, kada a shiga da su ɗakin kwana.

Danshin yana kaiwa har ga inji. Tankin dizal da aka bari rabi yakan tara raɓa a cikinsa, ruwan ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa su toshe matatar mai, injin ya mutu a lokacin da aka fi bukatarsa. A riƙa cika tanki, a tsiyaye ruwan matatar a kai a kai, a kuma ajiye wata sabuwa.

Sai batun jefa anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, ba tare da lissafin cikowar teku ba. A wasu wurare kamar Prince Rupert da ke Kanada, tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan kai mita 7. A ce ka jefa anga a zurfin mita 5 lokacin da ruwa ya janye, ka saki sarƙa mita 25, kana ganin ka ninka zurfin sau biyar kamar yadda ya kamata. Idan ruwa ya ƙaru da mita 6 cikin dare, zurfin ya zama mita 11, sarƙar ta miƙe, angar ta tumɓuke, jirgi ya fara tafiya kowa na barci. Lissafin da ya dace shi ne wanda aka yi da zurfin cikowa, a haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa, a ninka sau biyar, wanda a wannan misali zai kai sarƙa wajen mita 60.

Haka nan gaggawar ratsa matsatsun mashigai. A Seymour Narrows da ke Kanada ruwa yakan yi gudun kusan kilomita 28 a awa, abin da ya fi ƙarfin injin ƙaramin jirgi nesa ba kusa ba, Saltstraumen da ke kusa da garin Bodo na Norway ma ya zarce haka. Ba a ratsa irin waɗannan wurare sai a ɗan lokacin da ruwan ya lafa kafin ya juya, don haka a duba jadawalin juyawar ruwa tun da dare kafin ranar tafiya, a isa da wuri a jira. Idan hazo ya sauko ko hasashen yanayi ya nuna iska mai ƙarfi, a ƙara kwana a inda ake, rediyon jirgi na kunne a tasha ta 16 ta kiran gaggawa, kuma kada kowa ya fito saman jirgi sai da rigar ceto a jikinsa, domin ruwan da sanyinsa ya kai digiri 10 yana sarƙe numfashin mutum tun a mintin farko.