Kurakuran da ke ɓata auren kiwi

Wanda ya iya auren mangwaro ya san rabin aikin. Sai dai kiwi, wani ɗan itace mai yaɗo kamar inabi da ya fito daga ƙasar Sin ya yi suna a Niyu Zilan, yana da nasa hali, kuma makara ce ta fi ɓata aurensa. Yana barci ne da hunturu. Da sanyi ya fara janyewa sai ruwa ya taso masa daga saiwa, ka yanke shi ya yi ta zuba kamar an huda tulu, mahaɗa ta jiƙe, reshe ya ƙi kamawa. Shi ya sa manoman Niyu Zilan ke yin auren a tsakiyar hunturunsu, wajen Yuni da Yuli. In an riga an makara, a ɗan tsattsaga ɓawon gindin ƙasa da mahaɗar, ruwan ya samu mafita.

Sai zaɓen gindi, inda mutane ke ɗaukar duk abin da hannu ya kai. A Niyu Zilan an saba da gindin da aka tsirar daga irin wani nau'in kiwi mai suna Bruno, a ɗora masa reshen nau'in Hayward. Amma saiwar kiwi ba ta shiri da kwanciyar ruwa. Mai ƙasar laka gara ya nemi nau'in gindin da ake kira Bounty 71, wanda ya fi jure jiƙa. Ni a ganina gindi ya fi reshe muhimmanci, don shi ke dawwama. Da wata cutar kiwi mai suna Psa ta ɓulla a garin Te Puke na Niyu Zilan a 2010 ta ragargaza nau'in Hort16A, manoma da yawa sare saman suka yi, suka aura wani nau'in, Gold3, a tsohon kututture. Cutar kuwa tana bin wuƙa, saboda haka a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa wata bishiyar.

In tsaga gindi za a yi a cusa reshe, kada a sa shi a tsakiya don ya yi kyan gani. A matso da shi gefe, koren da ke ƙarƙashin ɓawonsa ya haɗu da na gindin, a ɗaure tam, a shafe yankan da kaki.

Kiwi akwai namiji akwai mace, rassansu kuma da wuya a bambance da hunturu. A sa alama tun wurin yanka. Gona duka mata ba ta 'ya'ya. Akan sa namiji ɗaya ga mata kamar takwas.

Bayan ya kama, a riƙa cire tohon da ke fitowa daga gindi, a kuma ɗaure sabon reshen da igiya, don iska na karya shi daidai mahaɗa.