Yadda mai gida a Amurka zai cika ƙa'idar kariya daga tartsatsin wuta a wayarin gidansa

Duk wanda ya sayi gida a Amurka, ko yake shirin ƙara ɗaki ko sabunta wayarin tsohon gida, zai ci karo da na'urar da ake kira AFCI, wadda aikinta shi ne katse wutar lantarki da zarar ta ji alamar tartsatsi a cikin waya. Irin wannan tartsatsi yana tasowa ne idan ƙusa ta huda waya a cikin bango, ko haɗi ya yi sako-sako a bayan soket, ko igiyar fitila ta tsufa ta tsage, kuma yakan yi zafin da zai kama katako alhali ƙarfin wutar da ke gudana bai kai abin da zai sa bireka ta gargajiya, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta yi yawa, ta faɗi ba. Da yake galibin gidajen ƙasar da katako aka gina su, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne dokar da ke aiki a inda gidanka yake. Kundin ƙa'idojin lantarki na ƙasa, wanda aka fi sani da NEC, ƙungiyar kare gobara ta NFPA ce take fitar da shi, tana kuma sabunta shi duk bayan shekara uku, amma ba ya zama doka sai jiha ko ƙaramar hukuma ta amince da shi. Shi ya sa za ka tarar wata jiha tana aiki da bugun 2023, maƙwabciyarta kuwa tana kan na 2017, wasu kuma irin su Arizona da Missouri sun bar wa birane da gundumomi su zaɓa. Akwai ma jihohin da suka yi wa kundin kwaskwarima, kamar Indiana da Michigan waɗanda suka taɓa cire sharaɗin saka AFCI daga ƙa'idar ƙananan gidajen zama. Saboda haka ka tuntuɓi ofishin da ke ba da izinin gini a garinku, ka tambaye su bugun da suke amfani da shi da gyare-gyaren da aka yi masa, tun kafin ka sayi ko waya ɗaya.

Da ka san bugun, sai ka buɗe sashe na 210.12, domin a nan hukuncin yake. Sharaɗin ya fara bayyana a bugun 1999, ya soma aiki a ranar 1 ga Janairu 2002, kuma a lokacin ɗakunan kwana kawai ya shafa. Bugun 2008 ya faɗaɗa shi zuwa falo da ɗakin cin abinci da ɗakin karatu da baranda ta cikin gida da ma'ajiyar tufafi, sannan na 2014 ya ƙara kicin da wurin wanki. Layukan da ake nufi, wato wayoyin da ke fitowa daga bireka zuwa ɗakuna, su ne masu bolt 120 da ampiya 15 ko 20. Inda mutane da yawa suke kuskure shi ne zaton soket kaɗai ake magana a kai, alhali fitilar silin da fanka da na'urar jin hayaƙi duk suna ciki muddin layin ya shiga ɗayan waɗannan ɗakuna. Banɗaki da gareji da wajen gida ba sa cikin jerin, sai dai suna buƙatar GFCI, wadda take kare mutum daga jan wuta. Na'urorin biyu ba sa maye gurbin juna, don haka a kicin da wurin wanki ya fi sauƙi a saka bireka mai haɗe da aikin duka biyun.

Idan gidan tsoho ne, doka ba ta tilasta maka sauya komai haka kawai ba. Wajibcin yana hawa kanka ne ranar da ka tsawaita layi, ko ka sauya shi, ko ka canza soket a ɗakin da sharaɗin ya shafa. An yi rangwame idan ƙarin wayar bai wuce ƙafa 6 ba, wato kimanin mita 1.8, kuma ba a ƙara wani soket ko makunni ba.

Wajen saye, ka nemi birekar AFCI nau'in da ke gane tartsatsi iri biyu, na tsakanin waya da waya da kuma na cikin waya ɗaya da ta tsinke, domin shi ake buƙata tun daga 2008. Ka tabbata kuma birekar ta dace da akwatin rarraba wutar gidanka, don ba a yarda a cusa ta Siemens a akwatin Square D ba sai in an tantance ta don hakan. Aikin cikin akwati na ma'aikacin lantarki mai lasisi ne, saboda manyan wayoyin da ke shigowa daga mita suna ɗauke da wuta ko an kashe babban makunni.

Matsalar da ta fi damun masu gida ita ce yawan faɗuwar bireka bayan an saka ta, har wasu su cire ta su mayar da tsohuwar. A ganina wannan ganganci ne, domin sau da yawa na'urar laifin gaske ta gano, musamman a tsofaffin gidaje inda aka haɗa farar waya (wadda wuta ke komawa ta cikinta) ta layi biyu wuri guda, ko farar waya ta taɓa wayar kariya da ke haɗe da ƙasa a cikin akwatin soket. A cire kayan da ke jone ɗaya bayan ɗaya don a gane ko wani injin shara ko tsohuwar fanka ce sanadi, in ba su ba ne a bi haɗin waya soket bayan soket. Ko a jihar da ba ta wajabta ba, ina ba da shawarar a saka ta aƙalla a ɗakunan da yara suke kwana.

Bayan kammala aiki sai a kira jami'in duba wayarin ya sa hannu, ka adana takardar domin ranar sayar da gida ko neman inshora. Daga nan ka riƙa danna maɓallin gwaji da ke jikin birekar sau ɗaya a wata, idan ba ta faɗi ba a canza ta.