Babi na 4: In gani ya ragu, yadda za ka riƙe kanka a gida

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana. Wanga babi na mutanen da idonsu bai mutu ba ne, rauni ya yi. Kana ganin haske, kana ganin giftawar mutum, amma ramin allura ko rubutun kwalin magani sun gagara. In kai ne, sa ɗanka ko maƙwabci ya karanta maka da ƙarfi, sannu sannu, babu abin kunya ciki.

Kafin komi a tafi likita a duba ido. Yanar ido ana yi mata aiki gani ya dawo. Hawan jinin ido kuwa abin da ya ci ya ci, sai dai maganin ɗigawa ya tsare sauran, shi ya sa ba a barin ɗigawa don an ji sauƙi. Kuma don Allah kar a miƙa ido ga masu yawo ƙauye ƙauye da tsinke suna cewa suna kwantar da yana.

Darasi na 1: kowane abu da wurinsa

Nan ne kowa ke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe nan. Zauna bisa gadonka. Miƙa hannun dama. Inda hannun ya sauka, nan ne wurin tocila daga yau. Ɗauke ta, kunna, kashe, maida ta inda ka ɗauke ta. Sake. Ɗauka, maida. Yi sau 5. Madalla, ka ga hannu ya fara sanin hanya tun ido bai duba ba.

Yanzu buta. Wurinta bayan ƙofa, gefen hagu. An gama alwala, a maida ta bayan ƙofa, gefen hagu, ba bakin rijiya ba, ba gindin bishiya ba. Takalmi ma haka, carbi ma haka, sai ka maida su inda ka ɗauke su tun kana riƙe da su, in ka ce bari in an jima to shi ke nan sun ɓace.

Magani ya fi komi. In kwalabe 2 ne, ɗaura roba 1 a wuyan na safe, roba 2 a wuyan na dare, ka shafa da yatsa kafin ka buɗe. Na safe a kusurwar taga ta dama, na dare ta hagu. Ka sha, ka rufe, ka maida. Akwai wata baiwar Allah a ajinmu na masu raunin gani nan Tahoua, ta iya wanga aiki sarai, sai jikarta ta zo shara ta tattara kwalaben duka cikin kwano ɗaya wai tana gyara, tsohuwa ta wuni ba ta ɗiga maganin ido ba don tsoron kar ta ɗiga na kunne.

To ku mutanen gida, da ku nake. Sau nawa munka faɗa? Ba gyara ba ne ku kawar da kayan mai raunin gani. Kun ɗauki wuƙa, ku maida ta wurinta. Kun jawo kujera, ku maida. Ƙofa ko a buɗe ta duka ko a rufe ta duka, rabin buɗewa goshi take fasawa. Haba jama'a, wata 3 muna abu guda, in na je gidajenku sai in iske turmi tsakiyar hanyar bayan gida! Inna, ke ma ba ki tsira ba, na ga inda kika yar da tocilarki ran Laraba. Ba komi, a sake. Ɗauka, maida.

Darasi na 2: haske da launi

Fitila ta zo daga bayan kafaɗa ta haska abin da ke hannunka, kar ta dalle maka ido. Fari kan baƙi ya fi fitowa, don haka fura a kwano mai duhu, shayi a farin kofi. A shafa farar ƙasa a dokin ƙofa da bakin matakala. In kana zuba ruwan sanyi, sa kan yatsa cikin bakin kofi, ruwa na taɓa shi ka tsaya. An gama sha, kofi ya koma wurinsa.

Darasi na 3: kuɗi

Jikka 10 ta fi kowace takarda girma, ta dala 100 ta fi ƙanƙanta. Bar jikka 10 a miƙe, jikka 5 ninki 1, jikka guda ninki 2, kowace da aljihunta.

Darasi na 4: fita waje

Mai ja gaba kar ya ja sanda. Kai ne za ka kama hannunsa sama da gwiwar hannu, shi yana gabanka da rabin taki, in an zo rami ko kwalta ya faɗa maka. Koyon farar sanda sai da malami, a tambayi ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, a Yamai.

Darasi na 5: salula

A sa yaro ya ƙara girman rubutu, ya ajiye lambar wanda ka fi kira a maɓalli na 2.