Idan labarin bam ya zo daga Girka, ga yadda za ka fassara shi

Ƙanena mai fassara labaran duniya, da kai nake. Na daɗe ina juya labarai zuwa Hausa, kuma abin da ya fi damuna shi ne in ji an ce "'yan ta'adda sun kai hari a Girka", a ja baki a yi shiru. Mai sauraro da ya ji haka, hankalinsa zai tafi kan masu fakewa da addini, ko kan bayin Allah 'yan gudun hijira da ke tsallaka teku. Alhali masu wannan aika-aika 'yan ƙasa ne, faɗansu kuma da gwamnati ne, da bankuna, da Amurka.

Fara da tantance ko su wane ne, domin ba uwarsu ɗaya ba. Ta farko ita ce ƙungiyar 17 ga Nuwamba, masu tsattsauran ra'ayin gurguzu. Sun aro sunan ne daga ranar da sojoji suka murƙushe boren ɗaliban kwalejin fasaha ta Athens a 1973. Sun fara da kashe Richard Welch, shugaban ofishin hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, a Athens, a Disambar 1975, suka rufe da Birgediya Stephen Saunders na Birtaniya a Yunin 2000. Rai 23 ke nan, kuma shekara 27 ba a kama ko mutum ɗaya ba. Asirinsu ya tonu ne ranar 29 ga Yuni 2002, da bam ya tashi a hannun ɗan ƙungiyar Savvas Xiros a tashar jiragen ruwa ta Piraeus. Daga gadon asibiti zaren ya fara warwarewa, a Disambar 2003 kotu ta samu mutum 15 da laifi. Wannan ƙungiya ta mutu, kada ka ɗora mata harin yau.

Waɗanda suka biyo baya akasari masu aƙidar a rushe hukuma ne ɗungurungum: ba gwamnati, ba ɗan sanda, ba shugaba. Haka nake kiransu a Hausa, ko da jimlar za ta yi tsawo. Kada ka ce "'yan tawaye", domin ba mulki suke nema ba. A cikinsu akwai ƙungiyar Gwagwarmayar Juyin Juya Hali ta Nikos Maziotis, wadda ta harba roka kan ofishin jakadancin Amurka a Janairun 2007, da kuma Gungun Masu Cinna Wuta, waɗanda a Nuwambar 2010 suka riƙa aika bama-bamai cikin ƙunshin wasiƙa zuwa ofisoshin jakadanci, har ɗaya ya isa ofishin Angela Merkel a Jamus. Sai da Girka ta dakatar da aika saƙonni waje ta jirgin sama na kwana biyu.

Sannan ka duba ko an buga wayar gargaɗi. Al'adarsu ce su kira wata jarida su faɗi wuri da lokaci, 'yan sanda su kwashe jama'a, bam ya tashi, bayan kwanaki su saki doguwar takarda suna ɗaukar alhaki. Haka aka yi a Afrilun 2025 a ƙofar ofishin kamfanin jiragen ƙasa na Hellenic Train, ba wanda ya ji rauni. Kafin takardar ta fito, kada ka ambaci sunan kowa. Amma a nan nake so ka tsaya. Wayar gargaɗi ba ta wanke su. A Yunin 2010 wani ƙunshi ya fashe a ma'aikatar tsaron jama'a, ya kashe dogarin minista da ya buɗe shi. Wata guda bayan haka aka harbe ɗan jarida Sokratis Giolias a ƙofar gidansa. A Mayun 2017 tsohon firaminista Lucas Papademos ya buɗe ambulan a cikin motarsa, ta fashe a jikinsa. Idan akwai wanda abin ya rutsa da shi, sa shi a jimlar farko, kafin hujjojin maharan.

Ɓangaren gwamnati ma kada ka haɗiye sanarwarta ba tauna. Dokokin 2001 da 2004, gab da wasannin Olamfik na Athens, sun ba da damar gwajin ƙwayoyin halitta da ɓoye shaidu, suka miƙa irin wannan shari'a ga alƙalai zalla, kuma sun yi tasiri. Sai dai tsarin mulki ya hana tsare mutum fiye da wata 18 ba hukunci. Ta nan aka saki Maziotis a 2011, ya sulale, sai a Yulin 2014 aka sake kama shi bayan musayar wuta a tsakiyar Athens. A 2019 gwamnatin Kyriakos Mitsotakis ta soke dokar da ta hana 'yan sanda shiga jami'o'i, ta kuma riƙa kwashe gidajen da matasa suka mamaye a unguwar Exarcheia ta Athens. Ka sani cewa ƙungiyar 17 ga Nuwamba ce ta kashe mijin yayar Mitsotakis, Pavlos Bakoyannis, a 1989. Shi ya sa lokacin da Dimitris Koufodinas, wani jigon ƙungiyar da ke kurkuku, ya yi yajin cin abinci na kwana 66 a 2021, magoya bayansa suka ce yadda ake tsare da shi ramuwa ce, gwamnati ta ce doka ce. Kawo duka biyun.

Sai ka ja layi a kalandarka ƙarƙashin 17 ga Nuwamba da 6 ga Disamba. Ta biyun ita ce ranar da ɗan sanda ya harbe Alexandros Grigoropoulos, yaro ɗan shekara 15, a Exarcheia a 2008. Kowace shekara ana fitowa zanga-zanga a ranakun nan, a yi jifa, a harba barkonon tsohuwa. Dubban da ke kan titi ɗalibai ne da iyaye da ma'aikata, don haka rubuta "masu zanga-zanga".