Shawara ga masu motar lantarki a Katsina

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada ku dogara da kilomitocin da allon mota ke nuna sun rage kafin caji ya ƙare. Ƙiyasi ne kawai, daga yadda kuka yi tuƙi kwanan nan take lissafa shi. Shi ya sa a cikin gari cajin yake auki, amma da an hau hanyar Daura an taka wuta, ga na'urar sanyi a kunne saboda zafin bazara, sai lambar ta riƙa zubewa. Gudu ne ya fi cin batir.

Ni kason batir nake kallo. Kafin tafiya nakan sanyaya motar tun tana jikin caji, in duba iskar taya, in riƙe gudu wajen 80. Kuma ku rage cajin dawowa, wutarmu ba tabbas.